'Yar Tsana da Ƙyallen Tela: Waiwaye Daga Dogon Daji

Dogon Daji na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta miƙe zuwa Tambuwal da Jega. Kusan duk wani baƙon kaya da ya shiga gidajen wannan yanki ta nan ya biyo: gishiri da goro a zamanin fatake, kananzir da kwanon sha da atamfa a zamanin manyan motoci, yau kuma kayan roba na ƙasar Sin. Cikin abubuwan da hanyar ta sauya har da abin da yarinya 'yar shekara huɗu ke goyawa a bayanta. Ba a cika rubuta tarihin kayan wasan yara ba, domin kara da yumɓu da tsumma ba sa daɗewa, masu su kuma ba a tambayar su labari. Duk da haka sawun 'yar tsana bai ɓace ba. Mai son bin sa sai ya bi tarihin tufafi, domin tsadar zane ko araharsa ita ta riƙa yanke abin da za a yi 'yar tsana da shi, da kuma wanda zai yi ta.

A ƙarni na 19, lokacin da Tambuwal ke hannun Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da zuriyarsa, Jega kuma tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, zane dukiya ne. A adudu ake adana shi, a sa shi a lefe, a raba shi a gado. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kuma iso Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, ya rubuta cewa saƙar ƙasar Hausa tana kaiwa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. To amma dubi hannuwan da zane ɗaya ke bi kafin ya kai kasuwa. A noma auduga, a cire ta, mata su gurza ta a kan magurji su fitar da angurya, su yi shiɓa, sannan a zauna kaɗi da mazari ana dangwalar alli, yau da gobe, har zare da abawa su taru. Masaƙi ya karɓa ya saƙa ta siririya, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Maɗinki ya jera su gefe da gefe ya haɗe da allura. In mai shuni ake so, a kai marina a tsoma a baba, daga can a wuce mabuga. Matar da ta san yawan daren da ta raba tana kaɗi ba za ta miƙa wa yaro zane ya yi wasa da shi ba.

Ga kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Ɗinkin da ba ya barin ƙyalle. Zane da gwado da riga kusan duk haɗa su ake yi daga dogayen saƙa miƙaƙƙu, babu zagaye hammata da ƙugu da almakashi a zubar da saura kamar yadda tela ke yi yanzu. Wanda ya tsufa ma da sauran aiki a gabansa. Zane ya koma majanyi, majanyi ya koma tsumman jariri, daga nan ya zama gammo, ƙarshe a murza shi ya zama lagwanin fitilar aci-balbal. Allura kuma a hannun maza take. Mata su ke kaɗi, wasunsu na saƙar gwado a cikin gida, amma ɗinkin tufafi da aikin wuyan riga sana'ar maza ce, malamai da almajirai da yawa da ita suke ci.

Shi ya sa 'yar tsanar wancan zamani daga gona da bakin rafi da mahauta ta fito. Sillen karan dawa ne, ko totuwar masara da gemunta a madadin gashi, ko ƙashin ƙafar rago bayan Babbar Salla, ko yumɓu da aka murza aka shanya a rana. A ɗiga mata ido da gawayi, a ɗaura mata zare a ƙugu da 'yan tsakiya biyu ko uku a ce jigida ce. Abu ɗaya da sai an roƙa shi ne sutura, kuma kowace yarinya ta san ɗakin da za ta nufa.

"Kaka, sam mini ɗan ƙyalle in ɗaura wa ɗiyata."

"Ke kishiya, kin ƙwace mini miji, yanzu kuma zanena kike so?"

Tana faɗa tana yago mata daga bakin tsohon fatari. Wannan ɗan yage, da bai kai faɗin yatsu uku ba, shi ne farkon shigar ƙyalle cikin kayan wasan 'ya'yan Hausawa.

Wasan kuwa babban al'amari ne a wurin masu yin sa. 'Yan matan unguwa su taru a gindin darni, wannan ce uwar amarya, waccan uwar ango. A kai lefe cikin sakaina, a sa amarya a lalle, a yi kamu, a rangaɗa guɗa, a kai ta ɗakin da aka gina da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a yi mata jere da fasassun kasake. A tuƙa tuwon ƙasa a raba gida-gida. Bayan kwana biyu a ce amarya ta haihu, sai kuma suna. Wadda ta kawo gudummawa ranar bikin ɗiyarki, wajibi ne ki mayar mata ranar nata, in ba haka ba kuwa ƙawance ya sami matsala. Cikin wannan wasa yarinya ke koyon ɗaurin goyo, da gaisuwar barka, da sanin wa ke gaba da wa a taro, tun kafin a ɗora mata ƙanenta na gaske a baya, abin da kan faru tana 'yar shekara shida ko bakwai. 'Yan maza su kuma ga dokin kara, ga baka da kibiya, daga baya da motoci suka shigo ga motar kara mai ƙafafun sakaina, ga tamaular tsumma da ake naɗewa da igiya. In azumi ya kai goma, a liƙa gemun auduga a fita tashe.

A ƙasa irin tamu, inda kowace unguwa da malaminta, dole a yi tambaya kan sura da mutum-mutumi, kuma an yi ta. Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in sun ɓuya don ganin sa sai ya turo mata su. Abu Dawuda ya kawo labarin ranar da iska ta yaye labulen ma'ajiyarta, ya ga kayan wasanta, cikinsu da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Sai kuma ruwayar Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, wadda ta ce sukan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya fara kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Iyaye mata ne a Madina, da hannunsu, suke yi wa 'ya'yansu kayan wasa da ulu da ƙyalle. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya tafi a kan cewa an keɓe 'yan tsanar yara mata daga hanin sura, domin horo ne na riƙon gida da raino. Cikin malaman baya-bayan nan, Shaihi Ibn Usaimin na Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, ya bambanta tsakanin wadda ba a fayyace mata kamanni ba, wadda ya ce babu shakka a halaccinta, da wadda aka ƙera ta tamkar mutum, wadda ya ga barin ta ya fi. Ko a 2021, da Hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu kantin tufafi kafa mutum-mutumi mai kai, an sake tayar da zancen a gidaje da yawa. Duk inda mutum ya tsaya a wannan saɓani, 'yar tsanar ƙyalle ita ce ta fi nisa da shubuha.

A wasu ƙasashe 'yar tsanar tsumma ta daɗe. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata da aka tono a Bahnasa ta ƙasar Masar, ta zamanin mulkin Rumawa, an ɗinka ta da yadin lilin an cusa mata tsummoki da ciyawar da Misirawa ke yin takarda da ita. Amma ba ta zama ta kowane gida ba sai da masana'antu suka karya farashin yadi, keken ɗinki kuma ya yaɗu bayan Isaac Singer ya yi rajistar nasa a 1851. A garin Giengen na Jamus, wata tela mai suna Margarete Steiff, wadda shan-inna ya zaunar da ita tun tana jaririya, ta ga zanen giwa a wata mujallar ɗinki, a 1880 ta yanka ƙyallen ulu mai kauri ta ɗinka 'yan giwaye don a riƙa soke allura a jikinsu. Yara suka ɗauke su suka mai da su abin wasa. Daga nan kamfanin Steiff ya taso, yana nan har yau. A Amurka kuma, a 1892, wasu mata biyu na garin Ithaca, Celia Smith da Charity Smith, suka zana kyanwar gidansu, kamfanin Arnold Print Works ya buga zanen a kan rabin yadi: ga gaban kyanwa, ga bayanta, ga gindin da za ta zauna a kai. Uwa ta saya a kan santi 10, ta yanka bisa layi, ta ɗinke, ta cusa auduga. An sayar da kusan 200,000 a lokacin bukukuwan ƙarshen shekarar farko. Dabarar ita ce masana'anta ta yi rabin aiki, ta bar wa gida rabi, kuma rabin da ta bari shi ne mai albarka, domin yaro na zaune yana kallon uwarsa tana yi masa.

Mu a nan abin ya zo ta wata ƙofa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba har gobe, sai motoci suka riƙa ɗauko kaya daga tasha. Audugarmu ta fara tafiya injinan gurza na Funtuwa da Gusau, ta haye teku, ta dawo a matsayin akoko da alawayyo da atamfa a kantunan UAC da John Holt. Sannu a hankali mazari ya koma hannun tsofaffi kaɗai. Yadin kanti mai faɗi ne, sai an yanka, yankan kuma sai da almakashi. Keken Singer ya shigo, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin mai sauƙin kuɗi ta bi bayansa, tela ya kafa rumfa a kasuwa da bakin hanya. Mata suka fara sa riga a kan zane, yara suka fara sa ɗinkin Salla mai hannu da wuya da aljihu. Kowace riga aka yanka, sai ta bar ƙyalle a ƙasa. A karon farko a tarihin wannan ƙasa aka sami yadi sabo fil wanda ba mai so.

A daidai wannan lokaci allura ta fara komawa hannun mata. An buɗe makarantar horar da mata a Sakkwato a 1939, kuma ɗinki na cikin abin da ake koyarwa. Waɗanda suka fito suka zama malamai a makarantun 'yan mata, suka kai sana'ar cikin gidajen aurensu. Masaƙar Kaduna ta farko, KTL, ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, UNTL ta biyo a 1964, Gusau ma ta sami tata masaƙa. Atamfar gida ta yi araha har talaka na iya yi wa iyalinsa ɗinki sau biyu a shekara. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka cika ƙauyukan Tambuwal da Kebbe da azuzuwa, jadawalin darasi na ɗauke da aikin hannu: maza su yi igiya da tsintsiya da mafici, mata su koyi dashe da kalmasa da faci. Keken ɗinki ya fara shiga kayan ɗakin amaren masu hali.

A ganina, daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980 ne 'yar tsanar ƙyalle ta yi zamaninta a wannan yanki. Goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana a kan keke, yarinya mai tallan ƙosai ko fura takan tsaya a bakin rumfa ta ce, "Baba tela, a ba ni ƙyalle," ya nuna mata ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta cika bakin zanenta. A gida yaya ko goggo ta ninka ƙyalle biyu, ta zana kai da hannuwa da gawayi ko alli, ta yanka su tare don su zo daidai. A ɗinke ta bai-bai a bar 'yar kafa, a juyo ta da tsinke, a cusa audugar rimi daga tsohon matashin kai ko ƙananan tsummoki, a rufe. A yi kitso da baƙin zare. Sai sutura: zane da riga da ɗankwali daga ragowar atamfar da mai 'yar tsanar za ta sa ranar Salla, su fita anko. Murfin kwalba ya zama langa, gwangwanin tumatir ya zama tukunya, kwalin ashana ya zama akwatin lefe. Ba kowace ce ke yin kyau ba. Wata hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wata wuyanta ya karkace. Amma yarinyar da ta huda yatsa a kan rigar ɗiyarta tana 'yar shekara takwas, ita ce za ka tarar tana ɗinkin hula ko tana taka keke a ɗakinta tana 'yar ashirin, tana sayen sabulu da omo da kuɗinta. Ni ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba a ƙasar da yawancin matan aure a cikin gida suke neman na kansu.

Daga nan abubuwa suka juya. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da rini suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, yadin fasa-ƙwauri ya riƙa kwararowa ta iyakokin Nijar da Binin. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadin waje. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata a unguwar Kakuri ta Kaduna suka rasa abin yi. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano ta cika da atamfar Sin. Hanyar da ta kawo atamfar ita ta kawo 'yar tsanar roba, mai jan kumatu da shuɗin ido da gashi ruwan zinare, wadda ɗan koli ke ratayawa kusa da madubi da ɗan kunne. Dilolin gwanjo kuma suka zo da tsofaffin tedi da 'ya'yan Turawa suka gama da su. A makarantu da yawa darasin aikin hannu ya koma a kawo tsintsiyar kasuwa, daga baya ma ya koma a kawo kuɗinta. Cibiyoyin mata da aka buɗe tun shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987 sun koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu, sun kuma amfani mata da yawa, sai dai hankalinsu na kan abin sayarwa, kayan wasan yara ba su shiga lissafi ba.

Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma ba zan zargi uban da ya dawo daga kasuwa da 'yar tsanar roba a aljihu ba. Ƙauna ce ta sa shi. Tana da araha, tana wankuwa, yara na son ta. Abin da nake jin takaicinsa shi ne aikin da ya fita daga gida. Da can 'yar tsana dalili ce na zama wuri ɗaya tsakanin kaka da jika, yaya da ƙanwa: ana yanka ana hira, ana gardamar launi, ana koyon ƙidaya da awo da haƙurin zura zare a kafar allura. Ta roba a gama take zuwa. In hannunta ya ɓalle ba ta facuwa, sai bola. Yanzu ma wayar hannu ta fara ture ta, ana miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru.

An yi yunƙurin gyara daga birane. A Siriya an fito da Fulla mai hijabi a 2003. A Legas, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007, baƙaƙen 'yan tsana masu shigar Nijeriya, cikinsu da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Haneefah Adam ta Ilori ta yi suna a 2016 da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie abaya da mayafi da hannunta. Sun cancanci yabo, sun gane cewa yarinya na bukatar ta ga mai kama da ita a hannunta. Sai dai jikin roba ne har yanzu, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin manomin albasa mai 'ya'ya takwas.

Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wa ke ta 'yar tsana? Amsar da ta fi gamsar da ni daga Jamaika ta fito. A 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci a unguwannin talakawa na birnin Kingston, masu wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, da kayan wasa da aka haɗa da hannu daga tarkacen gida, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa. Ta bar kayan a gidan, mako mai zuwa ta canza su. Aka bi yaran nan har suka girma. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100, har sun kamo waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Wannan ba ya nufin wasa zai maye gurbin abinci. Yana nufin ƙwaƙwalwar yaro na da tata yunwar, kuma maganinta ba mai tsada ba ne. Mu ya fi shafa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin tsarin makaranta, amma a leƙa ajin share fage a ƙauyukanmu a ga ko akwai abin da yaro zai riƙe a hannu ban da alli.

Abin mamaki, ƙyalle bai taɓa yawa kamar yau ba. Teloli sun cika kowane lungu a Dogon Daji da Tambuwal da Sanyinna da Jabo da Kebbe, maza a shago, mata a ɗaka. Ɗinkin zamani mai yanke-yanke ya fi na da barin saura, kuma yawancinsa shara ake kai shi, ko a cinna masa wuta hayaƙin leda ya cika unguwa. Kayan aiki na nan kyauta, hannun da ya iya na nan, hujjar addini na nan, ta likitoci ma ta zo. Masu buga atamfa a Kano, waɗanda ke iya buga fuskar ɗan takara a kan dubban yadi cikin mako guda, ba abin da zai gagare su su buga rabin yadi mai zanen 'yar tsana da zanenta da ɗankwalinta, ko raƙumi, ko zakara, ko ƙwallo mai ɓangarori masu launi, da layin yanka a jiki, a sayar a kan kuɗin da bai fi na sabulu ba. Ƙungiyoyin teloli za su iya ajiye buhu a kowane shago. Islamiyyun matan aure, da cibiyoyin mata, da asibitocin da ake rabon madarar tamowa, inda iyaye ke zaman jira na awoyi da yara a cinya, duk wuraren koyarwa ne da ba sa bukatar sabon gini.

Ke kuma uwa ko yaya da ke karanta wannan, ba sai kin jira kowa ba. Aika a karɓo miki ƙyalle wurin telan unguwa, ki zaɓi na auduga, ki wanke shi ki shanya. Ki yi ɗinki biyu a kowane gefe don kada cikin ya fito. Ki cusa tsabtataccen tsumma ko auduga, ki nisanta ta daga murhu da fitila, domin audugar rimi saurin kama wuta gare ta. Kada ki sa mata doguwar igiya ko zare da zai iya naɗe wuyan jariri. Ki zaunar da yaran kusa da ke lokacin da kike yi, mace da namiji, su zaɓi launi, su yi cushe, wanda ya kai shekara bakwai ki ba shi allura ki sa masa ido. In mai abin wasan bai kai shekara 3 ba, ido da baki da zare za ki yi su, kada ki sa maɓalli ko dutsen ado, domin komai baki yake kaiwa.